Amyar Labaran

Daga Nababa ɗan Audi, manomi a Birnin Gwari, zuwa ga ɗan gwaggona Labaran, maɗinkin riguna a Bida. Watan Jimada Awwal, hijira tana da shekara 1298.

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, kai da Safiyatu da yaranku da ban taɓa gani ba. Mu nan lafiya lau muke, in ka ɗebe zafin bazara da ya hana kowa sakat. Matata Habiba ta yi fama da haƙori har kumatunta ya yi suntum, yanzu ya sauka, bakin ya koma aikinsa a kaina. Rijiyar gidanmu ta ja baya, sai da muka ƙara wa guga igiya.

Bayan haka, mun dawo daga Alhamis ɗin zuma. Zan ba ka labarin tun daga tushe, don wanda ya shekara biyar yana cin shinkafar Nufawa ba abin mamaki ba ne ya manta hanyar dajin garinsu.

Ka dai tuna yadda abin ya faro. Muna yara a makarantar allo, Alhamis da Juma'a ba karatu, mu biyar muka sulale daji muka ɗora amya biyar a kan tsohon majen nan na bayan rafi, ta hanyar Kutemeshi. Ni na saƙa su da ciyawa, Jaji ya kawo kashin shanun rugarsu muka yaɓe, Maiturare ya ɗebo turaren ubansa muka turara don ƙudan zuma su shiga, kai da Usman kuka hau kuka ɗaure. Tun daga nan, kowace shekara in ɗorawa ta yi fure ta zubar, sai mu fita ran Alhamis, mu kwana a gindin majen, mu dawo mu riski sallar Juma'a. Doka ɗaya muka yi: kowa shi zai hau ya buɗe amyarsa, ba mai taɓa ta wani. Amyoyin sun ruɓe mun sake su ban san sau nawa ba, gemunmu ya yi fari, dokar tana nan.

Bana mu uku muka je, ni da Jaji da Maiturare. Jaji ya zo da nono a ƙwarya, Maiturare ya zo da surutu. Da rana ta take muka kwanta a inuwa, don ka san ba a hawa sai ta yi sanyi. Ɗan gwaggo, ban san ko barci na yi ko idona biyu ba. Gunjin ƙudan zuma ya cika majen daga sama har saiwa, har na riƙa jin sa a ƙashin bayana. Haske yana saukowa ta tsakanin ganye yana yawo a kan rigar Jaji. Can sai na hangi tafin ƙafar yaro yana lilo a reshe, na ce a raina, Labaran ne, yanzu zai jefo mini ɓawo. Na ji Usman a bayana yana hura wuta yana ɗan tarin nan nasa. Ban juya ba, don na san in na juya zai tafi. Na daɗe a haka cikin daɗi, har Maiturare ya ja wani minshari ya kore ku duka.

Reshen Usman yana nan wayam tun shekarar da muka sauke amyarsa muka yi masa fatiha, Allah ya jiƙansa. Ba na son kallon wajen.

Taka ce take hana ni barci. Ka tuna ta ƙarshen da ka yi, wadda ka fafe daga gungumen giginya kana cika baki wai za ta ga jikokinmu. Shekara biyar ba a buɗe ta ba. Ta cika ta batse, zuma yana tsattsafowa ta murfi yana ɗiga a ƙasa, reshen ya sunkuya, ga tsaga ta fito a gindinsa. Maiturare ya je ya tara baki a ƙarƙashi, Jaji ya janye shi ta wuyan riga ya ce ko ɗigon na Labaran ne. Maiturare ya ce abin da ya faɗo daga sama ai na Allah ne. Suka yi ta yi har la'asar, ni kuwa reshen nake kallo.

Ka zo baɗi. Ba roƙonka nake yi ba, ɗan kawunka ba ya roƙon ɗan mace, umarni ne. Amma ka zo. Allah ya haɗa fuskokinmu, wassalam.

*

Daga Labaran a Bida zuwa ga ɗan kawuna Nababa, sarkin masu ba da umarni daga nesa. Watan Azumi.

Aminci ya tabbata gare ka da mutanen gida. Takardarka ta iso hannuna ruwa ya taɓa gefenta, amma faɗan bai wanke ba. Muna lafiya. Safiyatu tana gaida Habiba, ta ce ta riƙa tauna kanumfari, kuma kada ta raga maka. Damina ta zauna a nan sosai, fadamu sun cika, sauro sun ishe mu.

Ka ce na manta hanya. Kai da ka taɓa ɓata tsakanin gonarka da gidanka don ka tsaya bin wani tsuntsu! Ban manta komai ba. A wannan azumin, in azahar ta wuce yunwa ta sa kai ya yi sako-sako, ina zaune a zaure da allura, sai in ga aikin wuyan rigar ya zama hanya. Ga ƙofar gari, ga gonakin dawa, ga inda ƙasa take komawa ja, ga gangaren rafi da yashinsa mai ƙona ƙafa. Zaren yana tafiya ina bin sa. Wani lokaci har ƙamshin hayaƙin ciyawar nan da muke kora ƙuda da shi nake ji, in ɗaga kai in ga ashe Safiyatu ce take hura murhu. Ran nan na soke yatsana ban sani ba, sai da jini ya ɓata farin zane.

Da na karanta inda ka ce ka ji tarin Usman, na ajiye takardar na daɗe ban iya ɗauka ba.

Amma zancen zuwa, ɗan kawu, ba na jin zai yiwu baɗi ma. Ɗinki ya yi mini yawa, littafin da nake ɗauka a gaban malam bai kai rabi ba, kuma fatake suna cewa hanyar Tegina ba ta da daɗi. Ga wasu dalilan da takarda ba ta ɗauka.

Saboda haka ga shawarata. Bai kamata kyakkyawan reshe ya karye saboda ni ba, bai kamata Maiturare ya mutu da baki buɗe ba. Ku sauke amyar nan. Ku shanye zumar ku uku, na yafe muku duniya da lahira. Kada ku ƙara jirana.

Na ba mai kawo wannan takarda huluna uku da na ɗinka da hannuna. Mai faɗin ta Maiturare ce, don kansa ya fi hankalinsa girma. Allah ya karɓi ibadarmu, ya kai mu Sallah lafiya.

*

Daga Nababa zuwa ga Labaran. Bayan Babbar Sallah.

Gaisuwa. Muna lafiya, an fara yankan dawa. Ina fatan kuna lafiya.

Yau ba wasa a bakina. Takardarka ta daɗe a hanya, ta same mu ran Sallah da yamma muna zaune da Maiturare a zaurena, Jaji ya shigo gari da goron Sallarsa. Na karanta musu da ƙarfi. Muna ta dariya har na iso inda ka ce mu sauke amyarka. Na maimaita wurin, don na zaci idona ne. Ba idona ba ne.

Ko Bida ta cinye maka tunani ne? Amya ɗaya muka taɓa saukewa a majen nan, ita ce ta Usman, bayan mun binne shi. Mun sauke ta da igiya, ta taɓa ƙasa, muka yi fatiha, muka raba zumar sadaka, ko lasa ba mu yi ba. A ranar muka yi alkawari mu uku cewa ba amyar da za ta taɓa ƙasa sai mai ita ya riga ta shiga. Shi ya sa muka shekara biyar muna kallon taka tana ɗiga. Muddin tana sama, kana cikinmu. Yanzu ka aiko da hannunka ka ce a sauke, kada a ƙara jiranka.

Jaji ya cire hular da ya riga ya sa, ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Nababa, ni ba na sa hular mamaci." Da na raka shi ƙofar gari ya gaya mini sauran. Ya ce in aka sauke taka, shi ya gama da majen, wurin ya zama maƙabarta. Zai kora shanunsa gabas inda 'ya'yansa suka daɗe suna jan sa, ba zai dawo ba. Maiturare kuwa ya ce mutum biyu ba taro ba ne, hira ce, kuma hira da ni ko a gari ta ishe shi. Ka ga ke nan abin da muka riƙe tun muna yara ya zo ƙarshe.

Na ji haushinka ƙwarai, kuma na yi kewarka fiye da haushin, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Tambaya ɗaya nake yi maka: kana raye a wurinmu ko kuwa? In ɗorawa ta zubar da fure ba mu gan ka ba, ba mu ji daga gare ka ba, za mu yi yadda ka ce. Wassalam.

*

Daga Labaran zuwa ga ɗan kawuna Nababa. Ƙarshen watan Cika-ciki, 1299.

Ina gaishe ka, ko ka amsa ko kada ka amsa. Yara lafiya, Safiyatu lafiya. Ni ne dai tun da takardarka ta zo abinci ba ya wuce mini. Ga watan da taubasai suke wasa ya zo ya wuce, ni da nawa taubashin muna gaba.

Wallahi ban sani ba. Lokacin da na bar gida ba a taɓa sauke amyar kowa ba, Usman yana nan da ransa. Da ka rubuta kun sauke tasa, na ɗauka don ba mai kula da ita ne. Ban san kun mai da abin jana'iza ba. Ni kyauta na yi nufi, ashe likkafani na aiko wa kaina. Ka gaya wa Jaji haka, ka gaya masa da bakinka a hankali yadda yake son magana.

Yanzu ga dalilin da na ce takarda ba ta ɗauka, dole ta ɗauka. Damina biyu da suka wuce kurkunu ya fito mini a gwiwar hagu. Ya tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura, na yi wata da watanni a kwance. Da ta warke sai ta warke a sandare. Ba ta lanƙwasuwa, Nababa. Da sanda nake tafiya, a zaune nake salla, ƙafar a miƙe gabana kamar taɓarya. Ni da kuke kira Kurege, ni da nake kai wa ƙololuwar majen kafin ka gama ɗaure wando, yau dokin ƙofa sai na yi shawara da shi.

Dokarmu ta ce kowa ya hau ya buɗe tasa. To in na zo in yi me? In tsaya a ƙasa ina ɗaga kai, ku kuna sama kuna jin tausayina? Na gwammace ku riƙa tuna ni a kan reshe. Ko a mafarki ban taɓa ganin kaina a gindin majen ba, kullum a sama nake, iska tana kaɗa ni, ina hango hayaƙin Kutemeshi da shanun Jaji ƙanana a fadama. Sai in farka in ji ƙafar tana nan yadda take.

Kada ku sauke ta. Ina raye, kuma ban da ku ban san inda nake raye sosai ba. Amma ni ma ga tawa tambayar, ka tambayi su biyun ka ba ni amsa ta gaskiya: akwai wurin wanda ba ya hawa a gindin majen nan? In kun ce in zo, zan zo ko a kan jaki ne. In kun yi shiru, na fahimta, ba zan ga laifinku ba.

Na ba Dabo mai jakuna wannan, zai bi ayarin goro ya biyo ta wajenku. Ina jira.

*

Daga Nababa zuwa ga Labaran. Watan Jimada Awwal.

Gaisuwa gare ka da iyalinka, in har gaisuwarmu tana da sauran amfani. Muna lafiya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas amma bai zubar ba.

Tun bayan Babbar Sallah nake tare kowane ayari a ƙofar gari ina tambaya ko an ba su takarda daga Bida. Har fatake suka gane ni, tun daga nesa suke girgiza mini kai. Shirunka ya ishe mu amsa. Na rubuto ne don ka san yadda aka yi, hakkinka ne.

Mun fita ran Alhamis kamar kullum. Dajin kuwa kamar da gayya, ban taɓa ganin sa da kyau irin na bana ba. Sabon ganye ya fito ja-ja a kan itatuwa tun ruwa bai sauka ba, furen ɗorawa ya rufe hanya muna takawa ba a jin sawunmu. Na riƙa jin kamar ba tafiya muke ba, hanyar ce take wucewa ta ƙarƙashinmu. Ban kwanta a inuwa ba bana, na ji tsoron wanda zan gani.

Da rana ta yi ja, kowa ya hau ya buɗe tasa. Sannan na ɗauki sabuwar igiyar rama da bakin wuta na hau reshenka. Na yi wa ƙudan hayaƙi har suka lafa, na zarga igiyar a reshen sama, na ɗaure amyar, na yanke tsohon ɗaurinka. Ɗan gwaggo, nauyinta ya kusa fizge ni. Na riƙa sakin igiya kaɗan-kaɗan, tana sauka tana juyawa a hankali. Maiturare ya ɗaga hannu zai fara fatiha. Jaji ne zai tarbe ta ya kwantar a ƙasa, yadda ya yi wa ta Usman.

Ta iso daidai ƙirjinsa, sai ya mai da hannuwansa baya.

Na ce, "Jaji, karɓi mana, hannuna zai tsinke!"

Ya ce, "Ni ban ga gawa ba."

Na ce, "Shi ya ce a sauke."

Ya ce, "Takarda ya ce. Usman na wanke shi da hannuna. Wannan wa ya wanke shi? Mai da shi sama."

Maiturare ya sauke hannu ya ce, "Ku yanke shawara, jama'a, ƙuda sun fara farfaɗowa."

Na ja, na ja, ko motsi ba ta yi ba. Mu uku muka kama, ta ɗan ɗaga, reshen ya yi ƙara, muka bari. Ba ta hawa, Jaji kuma ya rantse ba za ta sauka a gabansa ba. Da na rasa yadda zan yi, sai na naɗe igiyar a jikin majen na ƙulle. Muka koma gefe muka zauna muna kallon ta tana reto tsakanin sama da ƙasa har duhu ya rufe ta.

Haka muka baro ta. Ban san sunan abin da muka yi ba, ba mu binne ka ba, ba mu kuma ajiye ka ba. Jaji ya ce zai dakata da tafiyarsa har igiyar ta yanke hukunci, ran da ta tsinke amyar ta faɗi, ran nan zai kora shanunsa. Ka san igiyar rama da ruwan sama, ba za ta ga ƙarshen damina ba. Ga dage kuma, dabbar nan mai fasa amya ta sha zuma, yanzu da ta sauko ƙasa-ƙasa ba abin da zai hana shi.

Ba na ce ka zo ba, na gaji da faɗa. Na dai gaya maka inda take. Wassalam.

*

Daga Labaran, a Birnin Gwari, zuwa ga iyalina Safiyatu a Bida. Watan Rajab.

Aminci gare ki da yara. Wanda zai karanta miki wannan, don Allah ya karanta a hankali, kada ya tsallake komai. Na iso lafiya. Jakin ma lafiya, ko da yake mun ɓata da shi a mashigin Kaduna, mun shirya a na Mariga. Ƙafar ta yi tsami amma ba ta kumbura ba, ina shafa man da kika ba ni.

Kin tuna ran da takardar Nababa ta zo, na karanta na ce miki wannan mutumin bai ga tawa ba. Haka ne kuwa. An ce ayarin su Dabo ya ji labarin mahara ya karkata ta Zariya. Har yau takardar ba ta iso ba, na riga ta. Kin ce in jira amsa, na ce igiya ba ta jira. Yau na yarda kin fi ni hankali, amma na fi ki gaskiya.

Saboda haka ba wanda ya san zancen ƙafata. Na iso ƙofar gidan Nababa da hantsi yana gyaran fartanya. Ya ɗaga kai ya gan ni a kan jaki, ya buɗe baki zai fara faɗan da ya tara. Sai na zuro sandata, na sauko da ƙafar a miƙe. Ya dube ta, ya dube ni. Bakin ya rufe. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce yau abin da na guda ya same ni. Can sai ya ce, "Kai ɗan mace, duk Bida ba ka sami abin da za ka kawo mana tsaraba ba sai muciya?" Muka rungume juna muna dariya muna kuka, Habiba tana leƙe tana salati.

Ran Alhamis muka fita, ba lokacin zuma ba ne amma ba wanda ya ce a jira. Safiyatu, shekara shida ina bin hanyar nan a wuyan riga, ashe na rage mata kyau. Ruwa ya wanke dajin, ciyawa ta fito, rafi yana gudu. Ina bisa jaki ganye yana shafa fuskata, na riƙa jin kamar wani ne yake mafarkina.

Mun tarar da bukka a kusa da majen. Ashe tun saukar ruwan fari Jaji ya dawo da rugarsa nan, ya kewaye wurin da ƙaya saboda dage, kullum sai ya zo ya duba igiyar. Mutumin da ya ce igiya ta yanke hukunci, shi ne ya riƙa shafa mata man shanu don kada ruwa ya ci ta. Duk da haka ta yi baƙi, wani wurin saura silili kaɗan.

Jaji bai gaishe ni ba. Ya zo ya kama damtsena ya matsa, ya duba ƙafar, ya ce, "Wannan ne ya hana ka?" Na ce shi ne, dokarmu ta ce a hau. Ya ce, "Dokar ya ce kowa ya buɗe nasa. Ga naka nan. Buɗe."

Sai a lokacin na dube ta sosai. Tana rataye daidai ƙirjina. Ko ɗaga ƙafa ba sai na yi ba. Su da ba su san komai ba, faɗansu ya ajiye mini ita inda hannuna yake kaiwa.

Da rana ta yi sanyi Nababa ya ba ni bakin wuta. Na jingina sandata, na tsaya da ƙafa ɗaya da rabi, na yi hayaƙi, na ɓamɓare murfin da na liƙe da hannuna tun kafin in san ki da wannan furfurar. Saƙar ta yi baƙi ƙirin, zumar ta yi kauri har da ɗan ɗaci-ɗaci. Ƙudan ba su san ni ba, sun yi mini harbin baƙo. Na yanko na miƙa wa Jaji, na miƙa wa Maiturare, na miƙa wa Nababa, sannan na sa a bakina. Jaji ya daɗe yana tsotsa ido rufe. Da ya buɗe sai ya ce wai dama ciyawar gabas ba ta karɓi shanunsa ba.

Muna cikin sha Maiturare ya yi gyaran murya ya ce shi fa gwiwoyinsa sun shekara uku suna kuka in ya hau, kunya ce ta hana shi faɗa. Nababa ya ce shi jiri yake gani a sama. Jaji ya ce ƙarya suke, shi lafiyarsa ƙalau, amma in za a sauko da na kowa ba zai bar tasa ita kaɗai ba. Da safe aka sauko da ukun da sabuwar igiya, aka sake wa tawa, aka jera su huɗu a tsayin ƙirji, ba wadda ta taɓa ƙasa. Muka dawo muka riski Juma'a.

Zan taho in hanya ta bushe. Ki sani tun yanzu, baɗi ma zan zo, da kowace shekarar da Allah ya ara mini, sai ki fara shiri da jakin.

Fuskata ta kumbura, ido ɗaya ba ya buɗuwa, da ɗayan nake rubuta miki. Ki gaya wa yara ubansu yana da rai. Na daɗe ina shakka, amma na zo na tambaya, mutum uku sun shaida.

Wassalam, daga maigidanki Labaran.